Injin gahawa mai kafsul: sauƙi ne ya zo mana, ko dokin kyauta ne mai cin dawa?

Shin injin nan da ake jefa wa ɗan ƙoƙo a rufe, a danna maɓalli, ya tsiyayo gahawa kofi guda kafin minti ya cika, ya cancanci kuɗinsa a wajenmu? Tambayar ta yawaita a nan arewacin Kamaru, a Garwa da Marwa da Ngaundere, har Kusiri da tsallaken kogi a Njamena ta Chadi, domin injin ya fito daga ɗakunan manyan otal ya shiga ofisoshin ƙungiyoyin agaji, da bankuna, da shagunan manyan 'yan kasuwa, yanzu kuma ga shi a falon gidaje. Shagunan burokant masu sayar da kayan Turai na hannu suna jera shi kusa da dutsen guga da firji. Mai dawowa daga Faransa ko Dubai ma yakan yi tsarabarsa.

Yawancin gardamar da nake ji a majalisa kan wannan inji ta samo asali ne daga rashin sanin yadda yake. Wani ya ce garin Nescafé ne kawai aka ɗura a gwangwani aka ninka kuɗi. Wani ya ce sinadari ne zalla, shi ya sa yake kumfa. Wani kuma yana zaton kowane kafsul yana shiga kowane inji, kuma wannan zaton ne ya fi cin kuɗin mutane, har da na kawuna, kamar yadda za a ji nan gaba.

Kafin mu yi nisa, a nan muna cewa kafe, dattawa su ce gahawa, 'yan uwanmu na Najeriya kuma su ce kofi. Zan riƙa cewa gahawa, in bar kofi ga abin da ake zubawa a ciki, kar a wayi gari ana shan kofi a cikin kofi.

Abin da ke cikin kafsul da abin da injin yake yi

Kafsul ɗan ƙoƙo ne na alminiyam ko roba, girmansa bai wuce kan babban yatsa ba, an liƙe bakinsa ruf don kada iska ta shiga. Abin da ke ciki ƙwayar gahawa ce da aka soya aka niƙa, kimanin giram 5 zuwa 6 a irin na Nespresso, ɗaya daga cikin sanannun nau'ukan injin. Nan ne ya rabu da Nescafé na 'yar leda da mai shayi yake yaga mana. Shi Nescafé an riga an dafa gahawar a masana'anta, an busar da ruwanta ya zama gari, shi ya sa yake narkewa ƙaf a ruwan zafi. Na kafsul ba ya narkewa. In ka ɓare wanda aka yi amfani da shi za ka tarar da tuka a jiƙe, baƙa ƙirin, tana nan daram. Sai dai akwai kafsul na wasu injuna da ke ɗauke da garin madara ko koko ko sukari, waɗannan kam narkewa suke yi.

Shi kuma injin aikinsa uku ne. Yana ja ruwa daga ɗan tankin da ke bayansa, ya ɗumama shi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 ba tare da ya kai tafasa ba, sannan famfo ya tura ruwan da ƙarfi ta cikin kafsul ɗin da allurai suka huda. Ƙarfin turawar ana auna shi da bar. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 da 'yan kai, famfon injin Nespresso kuwa yana iya kai bar 19, na Dolce Gusto bar 15. Wannan matsin ne yake tatso mai da ƙamshin gahawar cikin gaggawa, shi ne kuma yake yin kumfar nan mai ruwan ƙasa da ke kwanciya a sama. Babu sabulu, babu sinadari. Iska ce da man gahawar.

Abin da ke fitowa kaɗan ne, kuma a nan ne baƙon abin yakan ji an cuce shi. Ƙaramin awo mililita 40 ne, cikin finjali ɗaya ke nan. Babban awo mililita 110. Wanda ya saba da kofin silba cike da madara da sukari da burodi a gefe, in aka miƙa masa wannan sai ya leƙa ciki ya ɗago ido yana jiran sauran.

Daga ina abin ya fito

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Eric Favre, ma'aikacin kamfanin Nestlé, shi ya ƙirƙiro dabarar a 1976, bayan ya lura da yadda ake haɗa gahawa a shagunan Italiya. Sai a 1986 kamfanin ya fito da ita kasuwa da sunan Nespresso, kuma da ofisoshi aka fara, ba gidaje ba. Da farko abin bai karɓu ba. Ya samu kansa ne da aka juya shi ya zama kayan 'yan gayu: shaguna masu ƙyalli kamar na masu sayar da zinari, mai saye a kira shi ɗan kulob, daga 2006 kuma aka sa ɗan fim ɗin Amurka George Clooney a gaban talla.

Da aka ga akwai riba sai kowa ya fito da nasa. A 2001 Philips da Douwe Egberts na ƙasar Holan suka kawo Senseo, wanda ke amfani da 'yar jakar takarda mai kama da ta Lipton amma zagayayya. A 2004 Tassimo ya fito. A 2006 Nestlé ɗin dai ta ƙara da Dolce Gusto mai kafsul na roba, mai yin kafe da madara da koko. A Amurka kuwa Keurig ne ya mamaye ofisoshi tun ƙarshen shekarun 1990, sannan ya shiga gidaje.

Duk inda aka ƙera waɗannan injuna, an ƙera su ne don wata irin rayuwa: mutum ɗaya ko biyu a gida, kowa na sauri ya kama jirgin ƙasa, wuta ba ta ɗaukewa, shagon kafsul yana bakin layi. A riƙe wannan, domin duk matsalar da za mu tattauna daga nan take tasowa.

Kowane inji da bakinsa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwar yadi ne. Ya je Duwala sarin kaya, ya ga inji ja mai sheƙi a wani shagon kayan hannu, aka yi masa farashin da ya ce ko kuɗin takalmi bai kai ba. Ya biya. A hanyarsa ta dawowa ya tsaya wani babban kanti a Yawunde ya sayi kwali biyar na kafsul, kowane kwali guda goma. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara mu a falo, aka jona inji, aka cika tanki da ruwan gora. Ya ɗaga murfi ya jefa kafsul, sai ya faɗa can ciki yana lilo kamar tsakuwa a gwangwani. Ya juya shi, ya kifa shi, ya sa ɗan yatsa ya danna.

Na ce, "Kawu, wannan fa ba nasa ba ne."

Ya ce, "Kai ɗan nan, ba duk kafe ba ne?"

Duk kafe ne, amma bakin ba ɗaya ba. Ranar shayi muka sha.

Wannan rashin jituwa da gangan aka yi shi. Kafsul ɗin Nespresso na asali ƙarami ne mai kama da hular dara. Na Dolce Gusto ya fi shi faɗi da girma. Na Tassimo faifai ne mai zanen layukan da injin ke karantawa. Senseo jakar takarda ce. Ko a cikin gidan Nespresso kansa akwai iri uku da ba sa shiga wa juna: na asali, da Vertuo wanda ya fito a 2014 mai kama da rabin ƙwallo, da na manyan injunan ofis wanda yake a baje kamar kwabo. Mai sayen inji don ofis ya kula da wannan na ƙarshe, domin kafsul ɗin da ya saba gani a kanti ba zai shiga ba.

Dalilin kuwa shi ne ribar kamfani ba a jikin inji take ba. Injin sau ɗaya ake saye, wani lokaci ma a kan farashin da bai wuce kuɗin ƙera shi ba. Kafsul kuwa kullum ne. Duk wanda ya taɓa sayen na'urar buga takardu da araha, sannan ya je sayen tawada ya riƙe baki, ya san wannan ciniki. Shekaru da yawa dokar haƙƙin ƙirƙira ta hana wasu yin kafsul ɗin da zai shiga injin Nespresso. Daga 2010 wasu kamfanoni suka fara kutsawa a Faransa, aka yi ta shari'a, a wajajen 2012 manyan haƙƙoƙin suka ƙare, a 2014 kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta sa Nespresso ya yi alkawarin daina toshe wa masu yin kafsul irin nasa hanya. Shi ya sa a yau nau'in asalin nan ya fi kowanne yawan masu yi masa kafsul, ya fi araha, ya fi sauƙin samu. Shi ya sa kuma ba abin mamaki ba ne da sabon nau'i mai sabon kulle ya fito a daidai wannan lokaci. Keurig ma ya yi irin haka a Amurka a 2014, ya fito da injin da ke ƙin karɓar kafsul ɗin da ba nasa ba, masu saye suka yi ca a kansa.

Ga mu nan arewa, wannan yana nufin tambayar farko ba "nawa ne injin" ba ce. Ka fara zagaya kantunan garinku ka ga wane irin kafsul suke kawowa, kuma suna kawo shi a kai a kai ko sai an dace. Kayan nan ta tashar ruwan Duwala suke shigowa, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko su biyo manyan motoci, su wuce Garwa da Marwa, na Chadi su tsallaka gadar Ngeli. Daga Duwala zuwa Njamena tafiyar kusan kilomita 1,800 ce. In damina ta ɓata hanya, ko kantin da ke kawowa ya ga abin ba ya tafiya ya daina, injinka ya zama kayan ado a kan kabad.

Lissafin da mai shago ba zai yi maka ba

A Faransa kafsul ɗaya na babban kamfani yana kusa da rabin yuro. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ba ya motsi, don haka ana maganar sefa 300 da ɗoriya tun kafin a sa kuɗin jirgi da kwastan da ribar mai kanti. Mu ɗauka sefa 300 cif don sauƙin lissafi, mu yi wa injin adalci.

Kafsul ɗaya giram 5. Kafin a haɗa kilo guda sai an tara 200. Kilo ɗaya na gahawar kafsul ya tashi sefa 60,000 ke nan. Wannan adadi shi ne mafi ƙarancin albashin wata da doka ta kayyade a Chadi, shi ne kuma wanda Kamaru ta kayyade tun 2023 ga ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba. Ka shiga kowane kanti ka tambayi kuɗin niƙaƙƙiyar gahawar Kamaru ta cikin leda, ka ninka ya kai kilo, ka ajiye kusa da wannan.

Maigida mai shan kofi biyu a rana zai sha kafsul 730 a shekara, sefa 219,000. Ofis mai mutum goma, kowa kofi biyu, kwana 22 na aiki: kafsul 440 a wata, sefa 132,000. Wannan bai haɗa da baƙi ba, bai haɗa da direban da ya gano cewa abin yana hana gyangyaɗi a hanyar Mora ba, bai kuma haɗa da 'yan kafsul ɗin da kan bi aljihu su tafi gida ba. Na yi aikin lissafi a wani ofis inda aka fara da ajiye kwalin a fili, bayan wata biyu aka mayar da shi cikin durowar sakatariya, daga baya aka buɗe masa littafi kowa yana sa hannu. Abin da aka kawo don karrama ma'aikata ya koma abin gaba da ƙananan maganganu.

Akwai hanyoyin rage kuɗin. Kafsul ɗin wasu kamfanoni da ke shiga injin asali ya fi araha, ko da yake wani yakan yi yoyo, wani injin ya kasa huda shi. Akwai kuma kafsul na ƙarfe da mutum yake cikawa da kansa ya wanke ya sake cikawa. Yana aiki in an dace da laushin niƙa: in garin ya yi laushi da yawa ruwa ba zai wuce ba, in ya yi tsaki-tsaki sai ya fito salam kamar ruwan wanke tukunya. Amma wanda zai zauna yana ɗura gari da ɗan cokali yana dannawa, ya riga ya rabu da saurin da ya sayi injin dominsa.

Wuta, ruwa da ƙura

Ɗan injin nan ƙarami ne a ido amma yana jan wuta wat 1,200 zuwa 1,500 lokacin da yake ɗumama ruwa, daidai da dutsen guga. Gaskiya ne ba ya daɗewa yana ja, don haka ba zai kumbura takardar kuɗin wuta ba. Matsalar tana wajen wanda ke kan ƙaramin janareta ko sola. Janaretan da bai kai wat 1,000 ba zai yi gurnani ya mutu, ƙaramar na'urar juya wutar batir kuma ta yi ƙara ta kashe kanta. Mu kuma mun san halin da ake ciki. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafin abin, amma wutar da ke tafiya ta dawo da ƙarfi ita ce ajalin irin waɗannan injuna. Wanda ya sayi inji ya haɗa da na'urar daidaita wuta mai iya ɗaukarsa.

A duba bayan injin kafin a biya. Wutarmu bolt 220 ce, irin ta Turai. Injin da aka yi don Amurka ko Kanada na bolt 120 ne, in aka jona shi kai tsaye hayaƙi ne zai biyo baya. Wannan ya shafi mafi yawan injunan Keurig da dangi ke aikowa.

Sai ruwa. Duk wanda ke dafa ruwan burtsatse a buta ya san farin dattin nan da ke daskarewa a gindinta. Shi ɗin ne yake taruwa a cikin siraran bututun injin, ruwa ya fara fita ɗis-ɗis, gahawa ta riƙa zuwa da ɗumi-ɗumi, daga nan famfo ya gaji. Akwai ruwan magani na musamman da ake wanke cikin injin da shi bayan 'yan watanni, kuma da wuya mai burokant ya ambata maka shi. Injin hannu da ya yi shekaru a wani gida a Turai wataƙila ya zo da nasa dattin tun daga can, don haka kar a karɓa sai an jona an ga ruwa ya fita da ƙarfi kuma da zafi. Lokacin hunturu a rufe shi da ƙyalle. A riƙa zubar da tsofaffin kafsul da ke taruwa a cikinsa kullum, domin a zafin Maris da Afrilu kwana biyu ya isa su yi funfuna.

In ya lalace fa? Masu gyaran rediyo da fanka na kasuwa akwai basira, za su buɗe, amma kayan gyaran ba a nan suke ba. Sau da yawa sai dai a sayi wani mataccen inji a ciri abin da ake so.

Lambar da ke jikin kwali, da maganar lafiya

A jikin kwali akan rubuta lamba, 4 ko 8 ko 12, mutane suna ɗauka awon ƙarfin hana barci ne. Lambar tana nuna yadda aka soya ƙwayar da ɗacinta da kaurinta a baki. Sinadarin kafeyin mai wartsakarwa ya fi danganta da irin ƙwayar: robusta tana da kusan ninki biyu na abin da arabika take da shi. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 400 na kafeyin a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Ƙaramin kofi ɗaya na kafsul yakan ɗauki wajen 60, wani ya fi haka. Haɗarin yana cikin ƙanƙantar kofin: mutum ya ga kurɓi biyu ne, sai ya ƙara, ya ƙara, musamman a goman ƙarshe na azumi da ake son a raya dare. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya tambayi likitansa.

Kan halacci kuwa, kafsul na gahawa zalla ba komai a ciki sai gahawa. Masu ƙarin ɗanɗano su ne abin dubawa, domin akwai waɗanda aka sa wa sunan wasu giya na Turai. A karanta kwalin.

Ina ƙoƙon yake zuwa bayan an sha

Kowane kofi yana barin ƙoƙo guda. A Turai an yi ta ce-ce-ku-ce kan wannan, har birnin Hambug na Jamus ya hana sayen kafsul da kuɗin gwamnati a ofisoshinsa a 2016. John Sylvan, wanda ya ƙirƙiro kafsul ɗin Keurig, ya faɗa a wata hira a 2015 cewa wani lokaci yakan yi nadamar abin da ya ƙirƙira. Kamfanonin suna amsawa da cewa alminiyam ana narkar da shi a sake amfani da shi, kuma sun buɗe wuraren karɓar tsofaffin kafsul a ƙasashen da suke da shaguna. Suna da wata hujjar da ba a raina ta: injin yana auna gahawa da ruwa daidai kofi ɗaya, ba a dafa tulu guda a zubar da rabi, kuma mafi yawan ɓarnar da kofin gahawa ke yi wa muhalli tun a gona take faruwa.

A wajenmu dai ƙoƙon bola zai tafi. Masu tsintar gwangwani suna kai alminiyam wa maƙeran da ke zuba tukwane, amma ƙoƙo ɗaya bai fi giram guda ba, ga shi cike da jiƙaƙƙiyar tuka, ba wanda zai sunkuya dominsa. Na roba kuwa sai kwata, su haɗu da leda su toshe hanyar ruwa. Tukar kam taki ce mai kyau ga mai shukar fulawa a tsakar gida, in zai iya zaman ɓarewa.

Ƙasar da ke noma gahawa tana sayen ta a ƙoƙo

Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. Kamaru ƙasar gahawa ce. Arabika tana fitowa daga tsaunukan yamma, wajajen Bafusam da Cang da Fumban da Bamenda, robusta kuma daga yankin Mungo da Nkongsamba da gabas. Ƙungiyar manoma ta UCCAO da ke Bafusam tana nan tun 1958, tana kuma soya gahawa ta niƙa ta sa a leda. A shekarun 1980 abin da ƙasar ke nomawa ya haura tan 100,000 a shekara. Da yarjejeniyar kayyade farashi ta duniya ta rushe a 1989, farashi ya faɗi warwas, gwamnati ta janye hannu daga sayen amfanin a farkon shekarun 1990, manoma da yawa suka sare itatuwan suka koma tumatir da masara da kabeji. Yau abin da ake samu bai kai sulusin na da ba, kuma mafi yawansa ɗanye yake fita ta Duwala.

Har alminiyam ɗin ma muna da shi: masana'antar Alucam tana narkar da shi a Edeya tun 1957. Amma kafsul ɗin Nespresso duk a masana'antu uku na Suwizalan ake ɗura su, ƙasar da ba ta da gonar gahawa. Manomi ya sayar da ɗanyen kilo a 'yan kuɗi kaɗan, kilon da aka soya aka rufe a ƙoƙo ya dawo mana a sefa 60,000. Tsakanin farashin biyu akwai suya da niƙa da rufi da talla da jirgi, kuma kusan duk a waje ake cin kuɗinsu. Tunda ƙofar nau'in asali a buɗe take yanzu, ba abin da ya hana mai suyar gahawa na gida ya ɗura tasa a kafsul, illa jari da tabbacin masu saye. Ofisoshin da ke kashe dubun-dubatar sefa kowane wata su ne kasuwar, da za su riƙa tambayar na gida kafin su yi odar na waje.

Wa ya dace da shi, wa bai dace ba

A ganina injin yana da gurbinsa. Ofishin da ke karɓar baƙi ɗaya-ɗaya, da ɗakin otal, da likita ko ɗan jarida mai aikin dare, da wanda yake zaune shi kaɗai a garin aiki iyalinsa na wani gari: waɗannan za su ji daɗinsa. Ba wanke-wanke, ba hura gawayi, ɗanɗanon yau shi ne na gobe, kuma kafsul a rufe yana daɗewa bai sane ba, abin da buɗaɗɗen gari ba ya yi a zafinmu.

Gidan Bahaushe mai mutum goma sha biyar da baƙi ba sallama wani abu ne daban. Mu ba mu saba shan abu ɗaya-ɗaya ba. Shayi a buta ake dafa shi, a yi na fari, a yi na biyu, a yi na uku, kofi yana zagayawa ana hira. Gahawar da 'yan uwanmu na Chadi ke dafawa da citta a zuba a finjali ita ma ta taro ce. Injin kafsul kuwa mutum ɗaya yake sani. In baƙi shida suka zo sai ka tsaya a kansa kamar mai sayar da fetur, na farko ya shanye kafin na ƙarshe ya karɓa, kai kuma kana lissafin sefa 1,800 a zuci. Ga mai son irin wannan gahawa mai kauri a gida, akwai 'yar butar Italiya mai hawa biyu da Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933. Ana ɗora ta a kan gas ko gawayi, tana cin kowace niƙaƙƙiyar gahawa, ba ruwanta da ɗauke wuta.

Akwai kuma mai shayin bakin ofis. Duk ma'aikatar da ta ajiye inji a ciki, teburinsa ne ke rage ciniki, kuma a teburin nan ne masinja da darakta suke zama benci ɗaya. Na lura dai ba a cika guje masa gaba ɗaya ba, domin injin ba ya soya ƙwai, ba ya ba da bashi zuwa ƙarshen wata.

Kawu kuwa bai yarda an ci shi ba. Ya aika Duwala aka kawo masa kafsul ɗin da ya dace, kwali biyu, ya sha na sati uku yana kiran maƙwabta su zo su ga kumfa. Da suka ƙare ya tambayi kuɗin wasu, ya yi shiru. Kwali biyar na farko ya ba wani abokinsa da ke aiki a banki. Injin yana nan a falo a saman kabad ɗin kwanuka, matarsa ta saƙa masa 'yar riga don ƙura. Da na je gaishe shi makon jiya, yaro ne a tsakar gida yana fifita gawayi, butar shayi tana kai.